TSH bai gama sauka ba bayan ƙarin maganin tayirod: a ƙara ƙwaya ko a jira?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe da larurar raunin tayirod, wato 'yar halittar nan da ke gaban wuya, da kuma ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. An fara ɗora ni a kan lebotayroksin maikirogiram 50 a kullum, da aka sake gwaji aka ga TSH, wato sinadarin da ke hawa a jini idan tayirod ya yi rauni, yana 14, sai likita ya ƙara mini zuwa 75, ya ce in dawo bayan wata biyu. Yanzu mako uku ke nan da ƙarin, amma kasala da jin sanyi da nauyin jiki ba su sake ni ba, shi ya sa na je aka sake ɗibar jinina. TSH ya fito 9.2, alhali takardar ta nuna cewa daidai shi ne daga 0.4 zuwa 4.0, FT4 kuma, wato sinadarin tayirod da ke cikin jini, ya fito 13 a ma'aunin da ya tashi daga 12 zuwa 22. Nauyina kilo 70 ne. Tun da sakamakon ya nuna ƙarara cewa maganin bai isa ba, kuma ina da ƙwayoyin 25 a hannu, shin akwai laifi idan na kai shi 100 tun yanzu, ba sai na jira ranar ganin likita ba?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ki lafiya. Na shekara da shekaru ina shan wannan magani, kuma abin da na gani shi ne ba ya aiki da gaggawa. Duk lokacin da aka sauya mini yawansa, sai an yi fiye da wata kafin jikina ya daidaita, bushewar fata da zubewar gashi ma sukan ɗauki watanni kafin su gyaru. Ki bar shi a 75 ɗin da aka ce miki, ki yi haƙuri har lokacin ya cika.

Malam Nasiru:
Hajiya, ina girmama maganarki, amma ban gamsu da a ce wa mai jin jiki ta yi haƙuri kawai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lissafin da aka sani shi ne maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wanda idan aka buga shi da kilo 70 zai ba da 112, ke nan ko 100 ɗin da take son kaiwa bai kai cikakken adadin ba. Ni an cire mini tayirod gaba ɗaya saboda maƙoƙo, kuma na san wahalar zama a kan maganin da bai isa ba, ana ce maka ka dawo wani watan, kai kuwa ko tashi daga shimfiɗa yana yi maka wuya.

Dakta Bashir:
Maman Sadiq, sannu da jiki. Zan yi bayani a kan yadda abin yake gaba ɗaya, amma hukunci a kan maganinki yana hannun likitan da ya san tarihinki.

Gwajin da kika yi bai nuna cewa 75 bai isa ba, domin an yi shi kafin maganin ya gama nuna ƙarfinsa. Lebotayroksin yana daɗewa a jiki ƙwarai: sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya fita daga jini. Saboda haka idan aka sauya yawansa, sabon adadin yana taruwa ne a hankali, kuma ba ya tsayawa a matsayi ɗaya sai bayan mako biyar zuwa shida. Shi kuma TSH ba tayirod ne ke yin sa ba. Wata 'yar halitta ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, take sakin sa domin ta umarci tayirod ya ƙara aiki. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙaranci a jini sai ta ƙara sakin TSH, idan ya wadata sai ta rage. Fituwitarin da ta daɗe tana fitar da TSH mai yawa ba ta saukowa nan take, tana bin bayan T4 (sinadarin tayirod ɗin da lebotayroksin ke maye gurbinsa) ne da jinkiri. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake jiran mako 6 zuwa 8 bayan kowane sauyi kafin a sake gwaji. TSH ɗinki ya sauko daga 14 zuwa 9.2 cikin mako uku, kuma akwai kyakkyawan zaton bai gama saukowa ba.

Malam Nasiru, lissafin da ka kawo gaskiya ne, yana cikin ƙa'idojin da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2019 ga manyan da ba su kai shekara 65 ba kuma ba su da ciwon zuciya. Sai dai wannan adadi na cikakken maye gurbi ne, wato ga wanda tayirod ɗinsa ya daina aiki baki ɗaya ko aka cire shi, kamar kai. Mai cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke lalata tayirod sannu a hankali, sau da yawa yana da ragowar tayirod mai aiki, kuma zai iya daidaita a kan abin da bai kai wannan lissafi ba. Mai yiwuwa ne Maman Sadiq ta ƙare a kan 100, ban musanta ba, amma gwajin mako na shida ko na takwas ne zai faɗa. Idan ta ƙara yau, ta sake mayar da lissafin makonnin farko, kuma ranar da ta koma asibiti likitanta zai karanta sakamakon 100 yana zaton na 75 ne, sai dai idan ta sanar da shi.

Maman Sadiq, ina da tambaya gare ki: yaya kike shan ƙwayar, kuma waɗanne magunguna kike sha tare da ita?

Maman Sadiq:
Na gode, Dakta. Ina shan ta da safe da ruwa, in karya kumallo bayan kamar minti goma. An kuma rubuta mini maganin ƙarin jini saboda jinina ya yi ƙasa, shi ma da safe nake haɗa su in sha lokaci guda. Wani lokaci idan ƙwannafi ya dame ni ina shan maganinsa na ruwa.

Malama Zulai:
'Yar uwa, ni aikina haɗa magunguna ne, kuma abin da kika faɗa yanzu ya fi batun ƙarin 25 muhimmanci. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama lebotayroksin a cikin hanji ya hana shi shiga jini, haka ma kalsiyam, haka ma magungunan ƙwannafi na ruwa masu alminiyam ko magniziyam. Ƙa'idar ita ce a raba su da aƙalla awa 4. Ko da cikin mutum babu komai, abin da ke shiga jini daga ƙwayar bai wuce kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ba, abinci kuma yana ƙara rage shi, musamman madara da waken suya da abinci mai yawan harza. Kofi ma yana rage shi. Shi ya sa ake cewa a sha da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci wani abu. Ke nan a takarda kina shan 75, amma abin da ke isa jininki bai kai haka ba.

Ki mayar da maganin ƙarin jinin zuwa rana ko yamma, ki bar lebotayroksin shi kaɗai da sassafe. Idan safiyar ta yi miki wuya, akwai wata hanyar: a sha lokacin kwanciya barci, da sharaɗin an yi awa uku ko huɗu da cin abincin ƙarshe. An yi bincike a ƙasar Holan, aka wallafa shi a 2010, inda aka gwada mutane a kan shan safe da shan dare, aka ga shan dare ya ɗan fi saukar da TSH. Ba ina cewa kowa ya koma dare ba, abin da ya fi muhimmanci shi ne a zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kansa. Kuma ki sanar da likitanki ranar da kika raba magungunan, domin wannan gyara shi kansa tamkar ƙarin magani ne, daga ranar ya kamata a fara ƙirga makonnin.

Kabiru Lab:
Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, zan ƙara abin da ya shafi ɗibar jinin kanta. TSH ba ya zama a adadi ɗaya yini guda: yana hawa da dare, ya kai ƙololuwa tsakanin tsakar dare da asuba, sannan ya sauka da rana. Wanda aka ɗibi jininsa da ƙarfe takwas na safe wannan karon, wani karon kuma da la'asar, zai iya ganin bambancin da ba daga magani ya zo ba. FT4 kuma, wato T4 ɗin da ke yawo a sake cikin jini bai manne da furotin ba, yana ɗan hawa na 'yan awoyi bayan an haɗiye ƙwayar, don haka ya fi kyau a ɗibi jinin tukuna sannan a sha maganin ranar.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da ke gefen takarda. Kowane ɗakin gwaji yana da nasa gwargwadon na'urar da yake amfani da ita. Wani yana rubuta FT4 da pmol/L, inda za ka ga adadi kamar 12 zuwa 22, wani kuma da ng/dL, inda za ka ga kamar 0.8 zuwa 1.8, kuma ng/dL ɗaya ya kai kusan pmol/L 13. Na sha ganin mutum ya firgita saboda ya ga 15 a wata takarda, ya ga 1.2 a wata, alhali kusan abu ɗaya suke faɗa. Idan da hali, a riƙa yin gwajin a wuri ɗaya.

Sai kuma bayotin, wanda mata da yawa ke sha saboda gashi da farce, kuma yana cikin haɗe-haɗen bitamin da dama. Ba ya taɓa tayirod, amma yana rikita wasu na'urorin gwaji, su nuna TSH ƙasa da yadda yake, FT4 kuma sama da yadda yake, har a zaci maganin ya yi yawa a rage shi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a 2017. A dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin gwaji, kuma a faɗa wa mai ɗibar jinin.

Malam Nasiru:
Na karɓi maganar jiran makonni da ta raba magunguna, domin hujjar a fili take. Amma asalin abin da ke damuna bai samu amsa ba. Akwai lokacin da TSH ɗina yake 3.6, aka ce mini komai daidai ne tun da bai wuce 4.0 ba, ni kuwa ina cikin mantuwa da kasala. Da aka ɗan ƙara mini magani ya sauko kusa da 1, sai na ji na dawo hayyacina. To wane ne ya yi daidai, takarda ko ni? Kuma me ya sa ake ba mu T4 kaɗai, alhali T3, wato ɗaya sinadarin na tayirod, shi ne ke yin aikin a cikin jiki, kuma tayirod mai lafiya yana samar da su biyun?

Dakta Bashir:
Malam Nasiru, wannan tambaya ce da likitocin fannin kansu ba su gama rufe ta ba, kuma ba zan ce maka abin da ka ji a jikinka ba gaskiya ba ne. Ma'aunin 0.4 zuwa 4.0 an samo shi ne daga auna jama'a masu yawa da ke da lafiya, amma kowane mutum ɗaya yana da nasa matsayin da ya fi wannan ƙanƙanta, wani jikinsa ya saba da 1, wani da 3. Saboda haka idan mutum yana can saman ma'aunin kuma alamun ba su tafi ba, ba laifi ba ne likita ya gwada ƙarin 12.5 ko 25 ya ga yadda za ta kasance, muddin TSH bai faɗo ƙasa da iyaka ba. Ni kaina ina yin haka.

Sai dai akwai wani ɓangaren da ya kamata mu ajiye kusa da wannan. A wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2018, an ɗauki mutum 138 masu shan lebotayroksin, aka sauya musu yawan maganin ba tare da sun san ko an ƙara ko an rage ba, aka kai wasu ƙasan ma'auni, wasu samansa, wasu ma suka ɗan haura shi. Da aka auna jin daɗin jiki da yanayin rai da kaifin tunani, ba a sami bambancin a-zo-a-gani ba, kuma mutanen ba su iya gane ko wane sauyi aka yi musu ba, sai dai sun fi son adadin da suke zaton shi ne mafi yawa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne kasala alama ce mai ƙofofi da yawa. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12 wanda ke yawan tafiya tare da Hashimoto, ciwon suga, rashin isasshen barci, damuwa, duk suna kawo irin wannan gajiyar. Maman Sadiq ma tana da ƙarancin jini, kuma wani kaso na kasalarta zai iya kasancewa daga nan yake, wanda ko an kai ta 150 ba zai gusar da shi ba.

Abin da nake tsoro shi ne bin jin daɗin jiki har a wuce iyaka, domin yawan maganin yakan zo da ɗan kuzari da farko, ɓarnarsa kuma ba ta yin ƙara. Mutumin da TSH ɗinsa ya daɗe a ƙasa da 0.1 yana cikin haɗarin rikicewar bugun zuciya, irin wanda ke iya haifar da gudan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙashinsa yana zaizayewa, musamman mace da ta daina al'ada. Faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan zufa, rashin barci da ramar da ba a nema ba, alamu ne da ya kamata a kai wa likita ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Game da T3, gaskiya ne shi ne mai aikin, amma kusan kashi 80 cikin ɗari na T3 ɗin da ke jiki ba daga tayirod yake fitowa kai tsaye ba, hanta da ƙoda da sauran sassa ne ke cire ƙwayar aidin ɗaya daga T4 su mayar da shi T3 gwargwadon buƙata. Wannan ya sa T4 kaɗai yake wadatar da mafi yawan mutane. A 1999 wani ƙaramin bincike na mutum 33 a Lituweniya ya nuna kamar haɗa T4 da T3 ya fi, aka yi ta murna, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗanda suka fi shi girma, ba su tabbatar da fifikon a kai a kai ba. Duk da haka akwai 'yan tsiraru, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, da ba sa jin daidai ko da TSH ya daidaita, kuma ƙwararren likita yana iya gwada musu haɗin na wasu watanni bayan an kawar da sauran dalilai. Waɗanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya, irinka, sukan sami T3 ɗan ƙasa ko da TSH yana daidai, don haka tambayarka tana da gurbi a gaban likitanka. Matsalar T3 ita ce ba ya daɗewa a jini, rabinsa yana fita cikin kusan yini ɗaya, yana hawa da sauka bayan kowace ƙwaya, kuma ba a ba mai juna biyu ko mai ciwon zuciya.

Malam Nasiru:
Na gode, Dakta. Har yanzu ina nan a kan cewa likitoci da yawa suna kallon takarda fiye da yadda suke kallon mai ita, amma na yarda cewa gyaran wannan shi ne a zauna a yi magana da su, ba mutum ya riƙa ƙara wa kansa ba. To wanda ake yi da busasshen tayirod na dabba fa, wanda wasu ke yabawa cewa shi ne na asali?

Malama Zulai:
Malam, shi ne dai maganin farko a tarihi. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod na tumaki, ta warware ta rayu shekaru masu yawa a kansa. Sai a 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin tayroksin a Amurka, a 1927 kuma aka iya haɗa shi a ɗakin bincike. Busasshen da ake sayarwa yanzu galibi daga alade ake samun sa, kuma rabon T4 da T3 a cikinsa kusan 4 ne bisa 1, alhali tayirod na ɗan Adam yana fitar da kusan 14 bisa 1. Wato T3 ɗinsa ya yi wa jikinmu yawa, shi ya sa manyan ƙa'idojin jinya ba su sa shi a gaba ba.

Tun da ana maganar nau'in magani, ina roƙon kowa ya riƙa duba kwalinsa. Maikirogiram 100 shi ne miligiram 0.1, wasu kamfanonin suna rubuta wannan, wasu wancan. Sauya kamfani ma yana iya motsa sakamako ga wasu mutanen, domin tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa 'yar kaɗan ce a wannan magani. A Faransa, lokacin da aka sauya kayan haɗin ƙwayar lebotayroksin mai suna Levothyrox a 2017 ba tare da an taɓa sinadarin maganin kansa ba, dubban mutane sun kai ƙorafin cewa jikinsu ya sauya. Idan aka ba ka na wani kamfanin kuma ka ji bambanci, a sake gwaji bayan mako shida. A kuma ajiye shi nesa da zafi da laima da hasken rana, a cikin mazubinsa na asali.

Anti Fa'iza:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, domin ta shafi yawan maganin. Ina shan 100 kuma gwajina yana daidai tun bara, sai ga shi a wannan makon gwajin fitsari ya nuna ina da juna biyu. Wata ƙawata ta ce in dakatar da duk wani magani har cikin ya yi ƙwari. Shin ƙa'idar jiran mako shida ta shafe ni, kuma in dakatar ɗin?

Dakta Bashir:
Allah ya raba lafiya, Anti Fa'iza. Kada ki dakatar ko da na yini ɗaya, kuma ke ba ki cikin masu jira, ki nemi likitanki a cikin kwanakin nan. Lebotayroksin daidai yake da sinadarin da jikinki ya kamata ya samar, kuma ɗan da ke cikinki ya dogara da naki ne kacokan a watannin farko, domin tayirod ɗinsa ba ya fara aiki sai wajen mako na 12, ba ya kuma ɗaukar nauyin kansa sosai sai kusan tsakiyar ciki, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Buƙatar uwa tana ƙaruwa tun daga makonnin farko. Ƙa'idojin Ƙungiyar Tayirod ta Amurka na 2017 sun ce mai shan maganin ta ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari da zarar an tabbatar da cikin, kuma hanya mai sauƙi ita ce ƙarin ƙwaya biyu a mako, wato tara maimakon bakwai. Ana son TSH ya kasance ƙasa da 2.5, ana kuma auna shi kusan kowane mako huɗu har zuwa tsakiyar ciki. Za a ba ki maganin ƙarin jini da kalsiyam a wurin awo, to maganar Malama Zulai ta awa 4 ta hau kanki sosai. Bayan haihuwa akan koma adadin da ake sha kafin ciki, a yi gwaji bayan kamar mako shida, kuma shayarwa ba ta hana shan sa.

Alhaji Garba:
Dakta, mahaifiyata tana da shekara 78, an yi mata gwaji TSH ya fito 6.5, FT4 kuma daidai, ba ta kuma kukan komai in ban da ciwon gwiwa. Likitanta ya ce ba zai ba ta magani ba, a sake gwaji bayan wata uku. Da na ga ana cewa iyaka 4.0 ce sai hankalina ya tashi, ina ganin kamar sakaci ne.

Dakta Bashir:
Alhaji, a ganina likitan mahaifiyarka ya bi hanyar da ta dace. TSH yana ɗan hawa da shekaru ko ga masu lafiya, kuma 6.5 ga mai shekara 78 ba ɗaya yake da 6.5 ga matashiya mai neman haihuwa ba. Irin wannan ɗan hawan sau da yawa yana komawa daidai da kansa, musamman idan an yi gwajin ne bayan wata rashin lafiya. A babban binciken TRUST da aka wallafa a 2017, an raba mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama, masu irin wannan sakamako, wasu aka ba su lebotayroksin wasu aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. TSH ya sauka ga masu shan maganin, amma gajiya da sauran alamu ba su bambanta ba. Galibi ana fara magani ne idan TSH ya kai 10 a gwaji biyu da ke da tazarar wata uku, ko FT4 ya faɗo. Idan ma ta kai ga sha, ba za a yi mata lissafin kilo ba, za a fara ne da 25, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan saboda zuciya.

Hajiya Rabi:
Akwai abin da nake so a fayyace wa masu mantuwa irina. Idan mutum ya tsallake yini, me zai yi? Kuma na ji ana cewa wasu sukan sha da yawa ana gobe gwaji don sakamako ya yi kyau.

Malama Zulai:
Hajiya, idan an tuna a ranar sai a sha, idan kuma sai washegari, yini ɗaya ba ya rushe komai saboda daɗewar maganin a jiki, kuma likitoci da yawa suna yarje wa wanda ba shi da ciwon zuciya ya rama ta washegarin, amma a tambayi likita tun kafin buƙatar ta taso. Shan da yawa ana gobe gwaji kuwa ba ya ɓoye komai: FT4 zai fito sama, TSH kuma zai ci gaba da zama sama domin yana nuna halin makonnin da suka wuce ne. Illar ɓoye tsallaken ita ce likita zai ƙara adadin bisa zaton bai isa ba, ranar da mutum ya koma sha kullum sai ya zama ya yi masa yawa.

Ummu Khalil:
Duk bayanin nan a kan TSH mai hawa ne, ni kuwa nawa akasin haka ne. Tun bayan haihuwar da na zubar da jini mai yawa, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala da jiri. TSH ya fito 1.1, aka ce daidai ne, amma FT4 yana ƙasa da iyaka. Wanne zan bi a cikinsu?

Dakta Bashir:
Ummu Khalil, ki koma asibiti da wuri ki nemi ganin likitan fannin homon, ki faɗa masa tarihin nan kamar yadda kika rubuta shi. Duk abin da muka faɗa a kan TSH ya ginu ne a kan cewa fituwitari tana da lafiya. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa yana iya raunana ta, abin da ake kira larurar Sheehan, kuma idan haka ta faru ba ta iya ɗaga TSH ko da T4 ya yi ƙasa, sai adadin ya fito kamar daidai alhali ba daidai ba ne. A irin wannan hali FT4 ake bi wajen gano larurar da wajen daidaita magani, ana neman ya zauna a rabin sama na ma'auni, ba a kuma waiwayar TSH. Ba zan iya tabbatar miki daga nan cewa ita ce ba, amma alamun da kika lissafa sun isa a bincika. Kada ki fara lebotayroksin da kanki, domin fituwitarin ce kuma ke kula da sinadarin kotisol, kuma idan shi ma ya yi ƙasa dole ne a fara gyara shi tukuna, in ba haka ba maganin tayirod yana iya jefa mutum cikin mummunan hali na faɗuwar hawan jini. Ki nemi a auna kotisol da sassafe tare da sauran sinadaran fituwitari, kuma idan jirin ya tsananta ko amai ya shigo kafin ranar, ki tafi sashen gaggawa.